Rijiyar Cikin Silima

Dakoro, Lahadi 10 ga Fabrairu 1957, ƙarfe takwas da kwata na safe, a ɗakina na bayan lakwal, makarantar bokon da nake koyarwa.

Zuwa ga Kawu Sa'adu, a Maraɗi.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kuna lafiya, ku da Inna A'ishatu da yara, da fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Ni lafiya lau, sai ɗan tari da alli ke sa ni. Yau wata huɗu da kwana tara ke nan da aka ba ni aji. Yarana talatin da ɗaya ne, biyu sun gudu, an maido ɗaya.

Kawu, akwai maganar da ke yawo a garin nan wadda ta shafi raƙumanku. Na gwammace ku ji ta daga gare ni yadda take, kafin ta iso muku da ƙari.

Jiya Asabar, bayan magariba, motar likitan dabbobi ta nuna silima a filin gaban bariki. An kafa itace biyu, aka ɗaure farin zane a tsakaninsu. An fara ƙarfe bakwai da minti ashirin, an gama takwas saura biyar. Ni an ba ni benci a gaba, kusa da injin, tare da ma'aikata. Mutanen gari da makiyaya suka cika ko'ina, har bayan zanen, don can ma ana gani. Silimar ta allurar shanu ce. Muryar da ke ciki Faransanci take yi, tafintan da ke yawo da motar yana juya wa mutane da Hausa.

A tsakiya aka nuna wata rijiya: aduwa biyu, da tudun rairayi, ana jan guga da sa. Tafinta ya ɗaga murya ya ce, "Jama'ar Dakoro, ku buɗe ido! Wannan rijiyarku ce ta Aduwa Biyu, bara aka ɗauke ta!" Wuri ya ɗauki sowa. Sai ga wata taguwa mai farin goshi ta gitta, ta tsaya, ta juya wuya. A ƙiyasina ba ta wuce daƙiƙa shida a zanen ba. Hamma, dillalin nan na kara, kasuwar dabbobi, ya yi ihu ya ce, "Wallahi Goshi ce, taguwar Sa'adu na Maraɗi! Ashe matattu na shan ruwa!"

Kun san a Aduwa Biyu makiyayinku Rhissa ke shayar da raƙumanku, kuma shi ya kawo muku labari cewa Goshi ta mutu a bazarar bara waccan. In bara aka ɗauki hoton, kun ga inda maganar ta nufa.

Ga abin da na gani da idona. Taguwar tana da alamar wuta a wuya, ƙafar zabo da ɗigo ɗaya, a gefen hagu. Tudun ma yana hagu da rijiyar. Da safen nan na tambayi Hamma, ya ce duka biyun a dama ya gan su, ya kuma ce in sayi tabarau. Ni ban taɓa zuwa Aduwa Biyu ba, kuma ina jin kunyar faɗa, ban san a wane gefe ake sa alamar gidanku ba. Abu ɗaya na tabbatar: na kasa kunne ga Faransancin, bai ambaci sunan rijiya ba. "Wata rijiyar makiyaya" kawai ya ce.

Ina roƙonku kada ku yanke komai a kan wannan takarda. Taguwa mai kama da Goshi na ce, ban ce ita ba ce.

Ɗanku,
Jafaru

*

Maraɗi, 16 ga Rajab.

Zuwa ga ɗana Jafaru.

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka san ta. Innarka ta ce ka sha zuma don tarin.

Takardarka ta iso, akawun kantin gyaɗa ya karanta mini sau biyu. Na ji ka ga Goshi.

Alamar gidanmu a dama take tun kakanmu, kuma a dama Hamma ya ce ya gani. Hamma shekara talatin yana duba wuyan raƙumi, kai shekara goma sha uku kana duba allo. Wa zan bi? Ka ce muryar Nasara ba ta faɗi suna ba. To tafintan mahaukaci ne da zai tsaya gaban gari ya laƙa wa rijiya sunan da ba nata ba? Mi zai ci a ciki?

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. In dabba ta mutu a hannun makiyayi, fatar wurin alama yake yankowa ya kawo wa mai ita. Haka ake yi tun kafin a haife ka. Rhissa wutsiya ya kawo mini, ya ce kura ta riga shi ga wuyan. Na karɓa ban ce uffan ba, don ubansa ya yi wa ubana kiwo, shi kuma shekara ashirin da biyu yana riƙe da nawa. Amma tun ranar abin yana min ƙaiƙayi. Wutsiya kowace taguwa tana da ita.

Ka tafi rijiyar nan da ƙafarka. Ka duba tudun, ka ƙirga raƙuman, goma sha biyu ne. Ka dubi idon Rhissa in kana tambayarsa. Kuma kak ka ci abincinsa, wanda ya ci tuwon mutum ba ya ganin laifinsa.

Ranar da Nasara suka ce gidanmu ya ba da yaro a kai lakwal, kai na nuna. Uwarka Lami ta yi kuka, ta ce don kai ɗan nesa ne na jefar da kai na ɓoye nawa. Yau ga shi kai ne mushe, malamin lakwal. To ka nuna mini amfanin karatun.

Kawunka,
Sa'adu

*

Dakoro, Jumma'a 22 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana.

Kawu,

Ina gaishe ku, ina gaida Inna, na sha zumar kuma tarin ya ragu.

Da farko, don Allah akawu ya sake karanta muku layin ƙarshe na takardata. Ban ce na ga Goshi ba.

Na tafi yadda kuka ce. Na ari doki ranar Laraba bayan an tashi daga aji, na kwana a wata ruga, na isa Aduwa Biyu jiya Alhamis ƙarfe bakwai na safe. In mutum ya tsaya wajen kwamin shayarwa yana fuskantar rijiyar, tudun yana dama, kamar yadda Hamma ya faɗa. Aduwar biyu ce, amma tsawa ta raba ɗaya, kuma an ce mini shekara uku ke nan. Na cikin silima duka lafiya suke. Bakin rijiyar nan itace ne aka jera, na cikin silima kuwa kamar siminti na gani, sai dai ba zan rantse ba. Na tambayi mutum bakwai ko Nasara sun taɓa zuwa da akwatin ɗaukar hoto. Shida sun ce a'a. Wani tsoho ya ce bara mota ta zo, Nasara biyu suka zura igiya cikin rijiya suka tafi. Bai san ko sun ɗauki hoto ba.

Na tarar da Rhissa yana kwance wa raƙuma dabaibayi. Labari ya riga ni. Bai miƙe ba, ya ce, "Ɗan Lami, ƙirga ka zo ko gaisuwa?"

Na ce, "Duka biyu, Baba Rhissa."

Ya ce, "To fara da ƙirga, gaisuwa ba ta gudu."

Goma sha biyu ne cif, kowanne da alama a dama, kuma ba ramamme ko ɗaya. Da na gama ya shimfiɗa mini buzu, ya ce, "An ce an ga Goshi cikin zane. Ta yi ƙiba?"

Na ce ta yi.

Ya ce, "In haka ciyawar lahira take, ni ma a kai ni."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na dubi idonsa yadda kuka ce, amma rawaninsa ya rufe rabin fuskar, kuma ni ban san yadda idon maƙaryaci yake ba. Ya ce ƙafar zabo a hagu alamar waɗansu mutane ce can gabas, ba ta gidanku ba. Sai dai a nan na yi kuskure: ni na fara gaya masa a hagu na gani, kafin ya faɗi haka. Da na yi shiru na bar shi ya fara. Ya ce in ina so ya kai ni inda ƙasusuwanta suke, tafiyar kwana biyu arewa. Ba ni da kwana huɗu, ina da aji yau. Ko ya san haka kafin ya yi tayin, Allah masani.

Ya kawo nono na ce na ƙoshi, ya kawo fura na ce cikina. Ya gane, ya janye ƙwaryar. A hanyar dawowa na tarar da cuku uku cikin jakar sirdi, ban san lokacin da aka sa ba. Yunwa ta kama ni da la'asar, na ci ɗaya. Na faɗa muku ne don kada ku ji a wani wuri.

A taƙaice, tudu yana tare da Hamma, itacen aduwa yana tare da Rhissa. Ku ƙara mini lokaci. An ce motar silima za ta biyo ta Korahane in ta dawo daga arewa.

Ɗanku,
Jafaru

*

Dakoro, Alhamis 7 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Yanzu na sauka daga doki.

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya. Kwana goma sha uku ban ji daga gare ku ba, hankalina bai kwanta ba. Ku gafarce ni da gajeriyar gaisuwa, magana ce mai sauri.

Jiya an nuna silimar a Korahane, na je. Na isa a makare, gaba ya cika, sai na zauna bayan zanen cikin makiyaya. Da aka zo wurin rijiya, tafintan nan dai ya ɗaga murya ya ce, "Jama'ar Korahane, ku buɗe ido! Wannan rijiyarku ce ta Ɗan Gao, bara aka ɗauke ta!" Suka yi sowa irin wadda aka yi a Dakoro. Wani kusa da ni har ya ce ya gane sansa.

Kawu, daga inda nake zaune tudun yana dama. Taguwar ta gitta, alamarta a dama. Na tashi da gudu, na taka ƙafar wata tsohuwa ta zage ni, na zagaya gaban zanen kafin a wuce rijiyar. Tudun ya koma hagu. Na sake komawa baya, ya dawo dama. Zanen shara-shara ne, hoton yana ratsa shi, wanda ke baya yana ganin komai a juye. A Dakoro Hamma bayan zane ya zauna, ni gaba. Bai yi ƙarya ba, ni ma ban yi ba. Amma gaba ne daidai, don da rubutu ya fito a ƙarshe, daga gaba yake karantuwa. Alamar taguwar nan a hagu take. Ba taku ba ce.

Da aka tashi na tsare mai injin, Samba, mutumin Bamako. Ya yi ta dariya har ya riƙe ciki. Ya ce a Tawa rijiyar Tawa ce, a Gure rijiyar Gure ce, shi ya daina ƙirgawa. Ya nuna mini gwangwanin da ake ajiye silimar, an rubuta 1953 a jiki, kuma ya ce shekara uku yana yawo da shi. Ke nan ko da Goshi ce ma, a lokacin tana raye, kowa ya sani. Sunan wuri babu a gwangwanin. Samba ya ce ya ji an ce wajen Cadi aka ɗauka, wani kuma ya gaya masa rijiyar wuri dabam ce, shanun wuri dabam, aka haɗa.

Na sami tafintan yana cin nama. Na ce, "Malam, don me kake cewa rijiyar mutane ce alhali ba tasu ba?"

Ya ce, "Mushe, in na ce musu rijiyar Cadi ce, wa zai kawo sa a yi masa allura? Kowa garinsa yake son gani. Wa na cuta?"

Na gaya masa wanda ya cuta. Ya ce wannan tsakanin ni da kawuna ne, ya miƙo mini tsire. Na roƙe shi ya biyo Dakoro ya faɗa da bakinsa, ya ce motarsu da asuba za ta yi gabas.

Ina roƙonku, kada ku yi komai a kan Rhissa. Akawu ya karanta muku wannan a hankali, layi layi, kada ya tsallake ko ɗaya.

Ɗanku,
Jafaru

*

Maraɗi, 27 ga Rajab.

Jafaru,

Muna lafiya. Takardarka ta ranar Jumma'a ta zo.

Tudu yana dama, ka gani da idonka. Mota ta je, Nasara sun je, tsoho ya shaida. Mi ya rage? Itacen aduwa kake so ya hana ni haƙƙina? Na ce kak ka ci abincinsa, ka ci. Tun daga cukun nan takardarka ta fara laushi, har da "Baba Rhissa". Biyun da suka rage, ka cinye su lafiya.

Kana neman lokaci. Lokacin da zai kora sauran arewa inda ba mai ganinsu? Shekara biyu na yi shiru, ya isa. Na aika wa Hamma da baki ta wurin fataken da suka tashi jiya, ya kai ƙara gaban kwamandan, Nasaran da ke mulkin garin, da sunana. In Rhissa mai gaskiya ne, ya faɗe ta can. Kai ka koma ga allonka.

Sa'adu

*

Dakoro, Jumma'a 15 ga Maris, ƙarfe shida da rabi na safe.

Kawu,

Ina gaishe ku da ladabi. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ni jikina lafiya.

Takardarku ta 27 ga Rajab ba ta iso ba sai ranar Litinin da ta wuce, motar posta ta karye a hanya ta yi kwana goma. Saƙon baki ya riga ta. Takardata ta ranar 7 ta saɓa da ita, ina jin yanzu tana hannunku.

Ranar Asabar 9 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya, gumiye biyu, dogaran bariki, suka shigo da Rhissa da igiya a hannu. Ta tsakiyar kara suka biyo da shi, gaban mutanen da ya yi shekara da shekaru yana ciniki da su. Na ruga bariki, aka ce kwamandan ya tafi rangadi sai Litinin. Kwana biyu ya yi a kulle. Na kai masa fura, bai taɓa ba, ya ce cikinsa.

Ranar Litinin na bar aji ba izini. Motar silima ta yi nisa, ba ni da shaida sai bakina. Sai na zana taguwa a takarda mai shara-shara, na sa mata ƙafar zabo a wuya, na tsaya a bakin ƙofar kwamandan na ɗaga ta saitin rana. Na ce da Hamma ya duba daga ciki ya faɗi gefen alamar. Ya ce hagu. Na ce ya fita waje ya duba. Ya fita, ya daɗe, ya dawo ciki, ya sake fita. Ya ce, "Mushe, sihiri ne ko karatu?" Kwamandan ya yi dariya har da buga tebur, ya ce a kwance mutumin. Hamma ya ce shi abin da ya gani ya faɗa, kuma gaskiyarsa ce. Rhissa bai dubi kowa ba, ya gyara rawaninsa ya fita.

Jiya Alhamis, ƙarfe goma na safe, ya zo ƙofar lakwal da raƙumanku duka. Ya gurfanar da su a jere, ya ce in ƙirga. Na ce ba sai na ƙirga ba. Ya ce, "Ƙirga, ɗan Lami." Goma sha biyu. Ya sa na dafa wuyan kowanne, na faɗi gefen alamar da ƙarfi, mutane suna kallo. Sannan ya sa mini akala a hannu.

Na ce, "Baba Rhissa, Kawu bai ji labarin Korahane ba lokacin da ya aiko. In ya ji zai ba da haƙuri."

Ya ce, "Ba zane ya ɗaure ni ba. Shekara biyu Sa'adu yana riƙe da wutsiyar nan a zuciyarsa, yana gaishe ni yana murmushi. Ka gaya masa igiyar da hannuna ya sani ta raƙumi ce."

Ya ce ɗaya daga cikin taguwoyin ta kusa haihuwa. Ya hau nasa raƙumin ya tafi, na bi shi har bayan gari ina magana, bai waiwayo ba.

Yanzu suna nan bayan lakwal, na kwana ina jin kukansu. Kun ce in nuna amfanin karatu, to ga iyakar abin da na tabbatar: rijiyar cikin silima ba Aduwa Biyu ba ce, taguwar cikin silima ba Goshi ba ce. Ga kuma abin da ban sani ba.

Ban san inda rijiyar take ba, ko ta waye.

Ban san ko Goshi ta mutu yadda Rhissa ya faɗa ba. Ban ga ƙasusuwan ba, kuma wanda zai nuna mini su ya tafi.

Ban san hanyar da ya bi ba. Waɗansu sun ce Azagor, waɗansu sun ce gaba da can.

Ban san wace taguwa ce mai cikin ba, duk iri ɗaya suke a idona.

Ban san wa zai yarda ya karɓi kiwonsu ba. Makiyaya uku na tambaya jiya da yamma, kowa ya ce zai yi shawara.

Ban san ko in kun zo da kanku, da gwiwar taku, kuka bi sawunsa, zai sauko daga raƙumi ya amsa sallamarku ba. Wannan takarda ba ta iya gano shi, sai an je.

Ɗanku,
Jafaru